Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

A ƙauyukan Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji, kamar sauran karkarar jihar Maraɗi, akwai ciwon da mutane ke jin kunyar ambatonsa. Wannan ciwo shi ne kuturta. Mutum ya ga tabo a jikinsa, sai ya rufe da riga, ya yi shiru. To, shirun nan shi ke cin yatsu.

Kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce. Ƙwayar cuta ke kawo ta. Wani likita mai suna Hansen ya gano ƙwayar a ƙasar Norwe cikin 1873. Alamarta ta fari ita ce tabo mai haske ko ja-ja a fata, wanda ko an taɓa shi ba a ji. Tana da magani, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shi kyauta. Ana shan shi wata 6 ko wata 12. Wanda ya soma sha ya daina sa wa iyalinsa ciwon.

A Danja, kudu da birnin Maraɗi, akwai gidan likita da ke kula da masu wannan ciwo tun 1956. Amma likita ba ya bin kowa gida. Saboda haka masu ciwon kan haɗa ƙungiya ta kula da juna. Sukan zauna wuri ɗaya, kowa ya nuna hannunsa da tafin ƙafarsa. A jiƙa ƙafa cikin ruwa kamar rabin awa, a goge kaushi, a shafa mai.

Amfanin zaman yana ga faɗin gaskiya. Tsohon ɗan ƙungiya kan gaya wa sabo cewa maganin yana sa fitsari ya yi ja, yana kuma sa fata ta yi duhu, amma daga baya duk su wuce. Wanda ya ji haka tun da wuri ba zai tsorata ya jefar da magani ba. Akan gaya masa kuma magani yana kashe ƙwayar, amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta dawowa. Don haka ba ya zuwa gona ko kiwo ba takalmi, gama ƙaya na iya sukarsa bai sani ba. Mace kuma ta sa tsumma kafin ta sauke tukunya.

Wanda ya tsallake shan magani, gara ya faɗa. Wanda ya ga sabon miki, ya nuna. In ya ce "lafiya lau" alhali miki na ruɓa, kansa ya cuta. Wanda kuma ya yabi maganin da bai warkar da shi ba, ya cuci ɗan'uwansa. Yanzu da ake aika saƙon murya ta wayar salula, magana na nisa da sauri, sai kowa ya faɗi abin da ya gani a jikinsa kaɗai.

Sharaɗi ɗaya ne: abin da aka faɗa cikin ƙungiya ba a kai shi kasuwa.

Duk wanda ya ga irin wannan tabo, kada ya jira sai bayan girbi. Ya je gidan likita mafi kusa a duba shi.