Laccar Legon: Ga Ilmi a Ƙofar Gida

Daga zangon Madina zuwa Jami'ar Ghana da ke Legon tafiya ce 'yar kaɗan, amma mu nawa ne muka taɓa zuwa sauraron Laccar Aggrey-Fraser-Guggisberg?

An fara wannan lacca a 1957, shekarar da Ghana ta sami 'yancin kai, don tunawa da mutum uku da suka kafa makarantar Achimota: Dakta Kwegyir Aggrey, da Alexander Fraser, shugabanta na farko, da Gwamna Gordon Guggisberg. Barbara Ward, masaniyar tattalin arziki daga Ingila, ita ce ta buɗe fage. A 2002 kuwa Farfesa Ali Mazrui, Musulmi ɗan Mombasa, ya yi tasa a kan gadon da Nkrumah ya bari.

Jama'a, ƙofa a buɗe take ga kowa. Mun daɗe muna kukan 'ya'yanmu ba su kai wa jami'a. To, yaron da bai taɓa ganin zauren jami'a ba, yaya zai yi sha'awarta? Mu riƙa kai su, maza da mata. Allah ya sa mu dace, amin.