Sana'ar DJ: Tsakanin Miksar Pioneer da ta Xone

Kiɗan house da techno ba ya son shiru. DJ kan tsaya awa huɗu, wani lokaci shida, kuma masu rawa ba za su iya nuna inda wata waƙa ta ƙare wata ta soma ba. Gangar house tana bugawa sau 120 zuwa 130 a minti, ta techno kan ɗan fi haka sauri. Waƙa tana fita ta manyan sifiku, shi kuwa kunnensa ɗaya na cikin hedifon yana sauraron mai zuwa, yana daidaita saurinta har bugun biyun su hau kan juna. Sa'annan ya buɗe mata hanya sannu a hankali. Duk wannan a kan miksa ake yin sa, akwatin nan mai maɓallai da ke zaune tsakanin na'urorin kunna waƙa.

A New York aka fara gyara wannan hannu, wajen ƙarshen shekarun 1960, kuma sunan Francis Grasso ne ke fitowa idan ana batun. Bayansa Larry Levan ya yi zamaninsa a Paradise Garage, Frankie Knuckles kuma a Warehouse da ke Shikago, gidan rawar da ake danganta sunan kiɗan house da shi. Miksocin lokacin, irin su Bozak da UREI, murɗa su ake yi, ba su da wani ƙyale-ƙyale.

Inda ake gane gwani shi ne wajen bes. Idan kaurin gangar waƙoƙi biyu ya haɗu, sautin yakan dagule, sifika ta riƙa kakari. Don haka DJ yakan shigo da sabuwar waƙa ya rage mata bes, ya bar ƙananan amonta su saje da tsohuwar, yana ƙirga bugu 16 ko 32 a zuci. Da gaɓar ta zo, sai hannu ɗaya ya janye bes ɗin tsohuwar, ɗayan ya saki na sabuwar. In ya yi daidai, ɗakin gaba ɗaya zai ji sauyin a ƙirji tun kafin kunne ya tantance. In ya makara da bugu ɗaya, ƙafafu sun sani. Ga kuma fitilun miksar: muddin suka zauna a ja, sautin ya fara fashewa, kuma injiniyan gidan ba zai yi masa kallon arziki ba.

Miksa biyu ne masu wannan sana'a suka fi ja-in-ja a kansu. Ta farko ita ce DJM-900NXS2 ta Pioneer, kamfanin Japan, wadda ta fito a 2016. Dijital ce. Kowane layi yana da maɓallai uku na gyaran sauti: sama, tsakiya, ƙasa. Cike take da kayan ado na sauti, irin su amsa-kuwwa da jan amo, kuma da yake tana haɗuwa da na'urorin kunna waƙa na CDJ ta waya, tana sanin saurin waƙar, sai adon ya faɗo daidai kan bugu. Amma babban ƙarfinta shi ne ko'ina akwai ta, ko wata 'yar gidansu. DJ zai sauka daga jirgi a Landan ko Ibiza da filasha a aljihu, ya tarar da maɓallan da yatsunsa suka saba da su a inda ya san su, ko da wurin duhu ne.

Ta biyu ita ce Xone:92 ta Allen & Heath, kamfanin Ingila da ke Penryn a yankin Cornwall, da magajiyarta Xone:96 ta 2018. Wannan analog ce, sautin yana bi ta cikinta ba tare da an mai da shi lambobi ba. Maɓallan gyaran sautinta huɗu ne, domin an raba tsakiyar biyu, kuma a tsakiyar nan ne waƙoƙi suka fi cin karo. Tana da matatar sauti guda biyu masu aiki kamar rariya: ana murɗawa a hankali, kauri ya zube, siriri ya saura. Ba ta da amsa-kuwwa a cikinta. Mai so sai ya jona wata na'ura daga waje. Andy Rigby-Jones ne ya tsara Xone:92, kuma shi ne daga baya ya haɗa kai da DJ Richie Hawtin suka fitar da miksar Model 1 a 2016. Masoyanta, musamman 'yan techno na Berlin, sukan ce sautinta ya fi taushi da ɗumi, kuma sukan rubuta sunanta cikin takardar sharuɗɗan da suke aika wa gidan rawa kafin su zo.

Ni dai zuciyata tana wajen Xone, saboda ba ta rufa wa kowa asiri. A kan Pioneer, wanda haɗinsa ya karkace yana iya danna amsa-kuwwa ya binne kuskuren cikin hayaniya, kuma da yawa sun mai da hakan ɗabi'a har waƙar mutane ba ta samun numfashi. A kan Xone kuwa sai dai haƙuri da kunne, a bar waƙoƙi biyu su yi minti biyu ko uku suna tafiya tare. Duk da haka, da matashi mai neman abinci da sana'ar zai nemi shawarata, Pioneer zan nuna masa, don ita zai fi tararwa a wurin aiki. Haka ma DJ ɗin biki irin namu, mai tsalle daga waƙa zuwa waƙa yana yi wa dangin amarya kirari a makirfo, ba ruwansa da haɗin minti uku.

Kowacce aka zaɓa, kunne ne ke biyan kuɗin. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Gidan rawa kan kai 100, inda iyakar ba ta wuce minti 15 ba. Shi ya sa DJ da yawa ke fama da ƙarar da ba ta barin kunne ko sun kwanta. Waɗanda suka daɗe a harkar sukan sa matoshin kunne da aka ƙera daidai da ramin kunnensu, kuma da zarar sun gama haɗi sai su rage sifikar da ke kusa da kansu, har sai wata waƙar ta matso.