Gishirin miya ba ya yin ruwan teku

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu mun ɗauka idan aka zuba gishirin miya a ruwa, an samu ruwan teku ke nan. Mu ma haka muka zata, sai da muka bincika.

A ƙasashe irin su Amurka da Jamus akwai masu kiwon kifin teku da murjani a akwatin gilashi cikin gida. Murjani ba dutse ba ne, ƙananan halittu ne masu rai. Wanda yake nesa da teku sai ya sayi gishirin da aka haɗa a masana'anta, ya dama da ruwa mai tsabta.

Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Mafi yawansa irin namu ne na miya, amma akwai maganiziyam kusan miligiram 1,300 da kalsiyam kusan 400. Da kalsiyam ɗin nan murjani yake gina ƙashinsa. Idan ya yi ƙaranci, girma ya tsaya.

Shi ya sa mai kiwo ba ya yarda da abin da aka rubuta a jikin buhu kawai. Yakan ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya riƙa ɗiga wani sinadari yana ƙirgawa har launi ya canza. Yawan ɗigon ne zai gaya masa yawan kalsiyam.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne jan ƙarfe. Ɗan mitsitsi ya narke a ruwan, ya isa ya kashe murjanin da aka yi shekaru ana reno.