Ko Kun Sani? Jinyar Kutare ce ta Buɗe wa Mishan Ƙofa

Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi na Arewa. Sai a shekarun 1930, da amincewar sarakuna, ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi kula da kutare a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Bayin Allah da ko danginsu ke ƙyamar haɗa kwano da su, a nan suka sami mai wanke musu miki, ga magani, ga karatu, ga addu'a. Wasu sun karɓi Kiristanci, da yawa kuma sun riƙe Musuluncinsu. A 1956 aikin ya isa Danja, kusa da Maraɗi, inda har yau asibitin ke karɓar marasa lafiya.