Ɗa'un na Huhu: Yadda Tari Ya Riga Gwaji a Madagaska

A ƙarshen Agustan 2017, wani matashi mai shekara 31 ya bar gundumar Ankazobe a motar haya, ya bi ta Antananarivo zuwa Toamasina. Jikinsa da zafi, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne. A hanya numfashi ya gagare shi, ya cika. Mutum 31 da suka yi mu'amala da shi suka kwanta, huɗu suka rasu. Sai 11 ga Satumba aka gane cewa ɗa'un ne.

Madagaska ta saba da wannan cuta. Kusan kowace shekara ƙumar ɓera kan ciji mutanen ƙauyukan tuddai, kaluluwa ta kumbura, a ba su magani. Irin wannan da wuya ya tsallaka daga mutum zuwa mutum. Amma da zarar ƙwayar cutar, Yersinia pestis, ta kai huhu, ba ta ƙara bukatar ɓera. Feshin tari ya isa, muddin ana zaune kusa da kusa, cikin tazarar mita biyu. Motar haya cike maƙil, ɗakin jinya, gidan makoki: nan take cin kasuwarta. Kwana ɗaya zuwa huɗu alamu sun bayyana, kuma wanda bai samu magani cikin awa 24 da farawarsu ba, da wuya ya tashi.

A nan gwaji ya kasa. Cibiyar Pasteur ta Madagaska tana da ɗan tsinken gwaji mai ba da amsa cikin minti 15, yana kuma aiki sosai da ruwan kaluluwa. Kaki kuwa yana ruɗa shi: wani majinyacin yawu kawai yake tofarwa, wani ya riga ya sha magani, ƙwayar ta ƙi tsirowa a ɗakin gwaji. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa cikin mutum 1,878 da aka lissafa da ɗa'un na huhu, 32 kaɗai aka tabbatar.

Likitocin da suka ba da magani bisa zato ba su yi kuskure ba. Jiran sakamako kisa ne. Sai dai abin ya zo da tsada. Alƙaluma sun kumbura, tsoro ya rufe makarantu, masu ciwon huhu na yau da kullum suka shiga layin masu annoba. Zuwa ƙarshen Nuwamba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutuwar mutum 209, an kuma bi sawun dubban mutane gida gida ana ba su maganin rigakafi.