Ruwan Ƙari Ba Ruwan Randa Ba Ne

Mai gida, in damina ta sauka a Katabu, amai da gudawa kan shiga gidaje, sai ka ji ana cewa, "A kira wane ya sa masa ruwa." To, tsaya ka ji yadda ake yin ruwan nan.

Ruwan da ka sha ciki yake zuwa, ciki kuwa yana da nasa tsaro. Na ƙari kai tsaye yake shiga jini. Saboda haka ruwan rijiya ko na famfo ba ya yi, ko an tace an tafasa. Tafasawa tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma dafin jikinsu yana nan daram. In ya shiga jini, sai zazzaɓi da makyarkyata. Wata masaniya a Amurka, Florence Seibert, ita ta gano haka a 1923.

Masu yinsa sukan dafa ruwa ya zama tururi, su tare tururin ya huce ya koma ruwa, datti ya tsaya a baya. Su auna tsarkakakken gishiri giram 9 cikin kowace lita, gama ruwa zalla fasa ƙwayoyin jini yake yi. Sa'an nan su rufe, su turara cikin tukunyar ƙarfe mai ɗaurarren murfi, zafi digiri 121, minti 15 ko fiye. Tukunyar uwargida, komai yawan itace, ba ta wuce 100. Ka ga dai ba aikin gida ba ne. Ko na kanti ma, in ya gurɓace, ko leda tana yoyo, ko kwanansa ya wuce, kada a sa.

Amma ba a bar ka hannu rabbana ba. A 1971 kwalara ta faɗa wa 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari ya yi ƙaranci. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa shayar da su ruwan gishiri da sukari, mace-mace suka ragu ƙwarai.

Kai ma haka za ka yi. Tafasa ruwa lita 1, ya huce. Zuba ƙunshin ORS guda. In babu, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ko yana amai. In jariri ne, uwa kada ta daina ba shi nono.

In idanu sun faɗa, fitsari ya ɗauke, ko ya kasa sha, to na jijiya ya zama dole. Ɗauke shi nan da nan zuwa asibiti, kana ba shi ruwan a hanya in yana iya haɗiya.