Abin da ya sa mafarautan Amurka ke auna kayansu kafin shiga daji

Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, mafarauta a jihohin Kolorado, Montana da Idaho da ke yammacin Amurka kan saɓi jaka su kutsa cikin tsaunuka har na mako guda. Abin da suke nema shi ne elk, dabba dangin barewa mai girman gwanki ko fiye. Kafin tashi, da yawansu kan ɗora kowane kaya a kan sikeli, har cokali da tocila.

Tushen wannan ƙwanƙwanto doka ce. Dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu a 1964 ta hana mota, babur, keke, har amalanke shiga dazuzzukan da aka keɓe, irin su Bob Marshall a Montana. An yarda da doki da alfadari, amma hayarsu sai mai hali. Namijin elk kan kai kilo 300, kuma ko an cire ƙashi, tsokarsa kan doshi kilo 100. Barin naman ya lalace a daji laifi ne da ake hukuntawa. Ke nan wanda ya harbe shi zai yi sawu uku ko huɗu da naman a bayansa, ga kayan da ya shigo da su suna jira. Duk kilon da ya rage a gida, gwiwarsa ya sauƙaƙa wa.

Mafi yawan nauyin yana cikin tanti, jakar barci da abin ci da sha. Wasu kan bar tanti su ɗauki tamfol mara nauyi, su kafa shi da sandunan tafiyarsu. Jakar barci mai cike da gashin dinya ta fi ta roba rashin nauyi da ɗumi, sai dai in ta jiƙe amfaninta ya ƙare. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, don haka matata ake ɗauka a riƙa tace ruwan rafi. Abinci kuwa busasshe ake zaɓa, da mai maiƙo kamar gyaɗa, domin kitse ya ninka sitaci wajen ba jiki ƙarfi. Busasshen namansu ma bai yi nisa da kilishinmu ba.

Inda masu sabon shiga ke kuskure shi ne jakar kanta. Jaka shafal da ba ta da ƙwaƙƙwaran firam tana da daɗi wajen shiga, amma ba za ta jure cinyar elk wajen fita ba. Haka rigar ruwa, kayan agajin gaggawa da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam: ƙanƙara kan sauka a waɗannan tsaunuka tun a Satumba, kuma galibi babu sabis na waya.